Laifin Baƙo, Lamunin Mai Gida: Alhakin Uwar Manhaja a Kan Tangarɗar Baƙin Manhajoji, Tare da Waiwaye a Isa da Sabon Birni

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan wata tambaya da ke tasowa duk lokacin da kwamfuta ko wayar hannu ta daskare ko ta mutu ana tsakiyar aiki: shin alhakin na uwar manhajar da ke tafiyar da na'urar ne, ko kuwa na baƙuwar manhajar da aka ɗora mata? An fara da fayyace ma'anar kalmomin, sannan aka kawo tangarɗar ranar 19 ga Yuli, 2024, wadda ta durƙusar da kwamfutoci miliyan 8.5 masu amfani da Windows. Daga nan aka dubi yadda manhajoji ke shiga wayoyin jama'a a ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni na Jihar Sakkwato, aka kuma auna lamarin da wasu ƙa'idojin lamuni na fiƙihun Malikiyya. Maƙalar ta tafi a kan cewa laifi daban, lamuni daban. Laifin kuskure na wanda ya rubuta manhajar ne, amma iyakar inda ɓarnar za ta kai, da sauƙin farfaɗowa daga gare ta, suna wuyan uwar manhaja gwargwadon ƙofar da ta buɗe wa baƙo.

Fitilun Kalmomi: uwar manhaja, baƙuwar manhaja, ƙurya, tangarɗa, lamuni, Gobir

1.0 Gabatarwa

Da wuya a yau a sami kasuwa ko tasha a ƙasar Hausa wadda babu rumfar mai cajin waya, da mai gyara, da mai tura fina-finai da karatu. Waya ta zama ma'ajiyar kuɗi, da littafin bashi, da hanyar sanin lafiyar hanya kafin a kama tafiya. A yankin gabashin Sakkwato, inda Isa da Sabon Birni suke, wannan batu ya fi nauyi, domin matsalar tsaro ta shekarun nan ta sa kiran waya guda na iya zama silar tsira, kuma ƙarancin rassan banki ya sa jama'a sun dogara ga masu POS da tura kuɗi ta waya. Idan na'ura ta tsaya a irin wannan wuri, asarar ba ta tsayawa ga ɓacin rai.

Abin da aka saba ji idan haka ta faru shi ne “wayar ce ba ta da kyau” ko “Windows ɗin ne ya lalace”. Kamfanonin da ke ƙera uwar manhaja kuwa sukan ce laifin na wata manhaja ne da mai na'urar ya ɗora da hannunsa. Kowane ɓangare yana da ƙamshin gaskiya, kuma kowanne ya bar wani abu bai faɗa ba. Manufar wannan maƙala ita ce warware wannan ƙulli ta hanyar bayanin yadda na'urar ke aiki, da kawo misalan da suka tabbata, da kuma samar da ma'aunin da mai karatu zai iya raba alhakin da shi.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

2.1 Uwar Manhaja

Uwar manhaja ita ce babbar manhajar da ke tashi da zarar an kunna na'ura, kuma ita ke raba wa sauran manhajoji abin da suke bukata: lokacin sarrafawa, da gurbi a ma'adana, da damar amfani da allo, da kyamara, da intanet. Windows na kamfanin Microsoft, da Android na Google, da iOS da macOS na Apple, da Linux, su ne fitattu. Mafi yawan wayoyin zamani da ke hannun jama'a a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, irin su Tecno da Itel da Infinix na kamfanin Transsion, Android ke tafiyar da su.

2.2 Baƙuwar Manhaja

Baƙuwar manhaja ita ce duk wadda wani kamfani ko wani mutum dabam ya rubuta, aka ɗora ta a kan uwar manhaja. WhatsApp, da manhajar banki, da manhajar kashe ƙwayar cutar kwamfuta, duk baƙi ne. Akwai kuma wani rukuni da mai na'ura bai cika gani ba, wato direba, ƙaramar manhajar da ke tafinta tsakanin uwar manhaja da wani sashe na ƙarfen na'ura, kamar firinta ko katin hoto.

2.3 Ƙurya da Zaure

Tsarin gidan Bahaushe zai taimaka wajen fahimtar matakan izini a cikin na'ura. Baƙo yana da iyaka a zaure. Idan ya yi ɓarna a can, ɓarnar ba ta wuce tabarma da buta ba, kuma mai gida na iya sallamar sa gida ya zauna lafiya. Yawancin manhajoji a wannan matsayi suke aiki: kowace tana da nata gurbi, ba ta iya taɓa na wata, idan ta yi kuskure uwar manhaja ta rufe ta, sauran su ci gaba. Ƙurya kuwa ita ce zuciyar uwar manhaja, inda babu shamaki tsakanin mai aiki da dukan ma'adanar na'ura. Duk manhajar da aka bari ta shiga nan, kuskurenta ya zama na gida baki ɗaya. Idan Windows ya ga an yi kuskure a ƙurya, yakan tsayar da komai da gangan ya nuna shuɗin allo, domin ci gaba da aiki a wannan hali na iya lalata bayanan mai na'ura. Ke nan shuɗin allo alama ce ta cewa an yi ɓarna a ƙurya, amma bai isa shaidar wanda ya yi ta ba.

3.0 Darasin Ranar 19 ga Yuli, 2024

3.1 Abin da Ya Faru

CrowdStrike kamfanin tsaron kwamfuta ne na Amurka, wanda manhajarsa mai suna Falcon ke aiki a ƙuryar Windows domin gano masu kutse tun kafin su yi nisa. A ranar Juma'a, 19 ga Yuli, 2024, da ƙarfe 5:09 na asuba agogon Nijeriya, kamfanin ya aika wa kwastomominsa wani ƙaramin fayil na sabuntawa mai lamba 291. Bisa bayanin da kamfanin ya fitar daga baya, an tsara fayil ɗin ne a kan cewa za a ba shi bayanai guda 21, alhali manhajar da ke cikin kwamfutocin guda 20 take bayarwa. Da aka nemi na 21, sai manhajar ta miƙa hannu a gurbin da ba nata ba, kuma da yake a ƙurya take, sai Windows ya tsaya. Duk lokacin da aka sake kunna kwamfutar, sai ta sake karanta fayil ɗin ta sake faɗuwa.

An janye fayil ɗin bayan minti 78, amma aikin gama ya riga ya gama. Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na kwamfutocin Windows a duniya. Sai dai waɗannan su ne na filayen jiragen sama, da asibitoci, da bankuna, da gidajen talabijin. Gyaran kuma ya bukaci ma'aikaci ya bi kwamfutoci da yawa ɗaya bayan ɗaya ya goge fayil ɗin da hannu. Kamfanin jiragen sama na Delta ya soke tashin jirage kimanin 7,000 cikin kwana biyar, ya ce ya yi asarar dala miliyan 500, kuma a watan Oktoba na shekarar ya shigar da ƙarar CrowdStrike a jihar Jojiya.

3.2 Hujjar Kowane Ɓangare

Babu jayayya a kan wanda ya yi kuskuren. Shugaban CrowdStrike, George Kurtz, ya fito ya nemi afuwa, kamfanin kuma ya amsa cewa na'urar tantancewarsa ta bar gurɓataccen fayil ya wuce, sannan an aika shi ga kowa a lokaci guda maimakon a gwada shi a kan 'yan kaɗan tukuna. Duk da haka, a ranar da abin ya faru sunan Microsoft ne ya cika kafofin labarai, domin allon da jama'a suka gani na Windows ne.

Microsoft ya kare kansa da cewa wata yarjejeniya da ya ƙulla da Hukumar Tarayyar Turai a 2009 ta wajabta masa bai wa kamfanonin tsaro irin damar da manhajojinsa na tsaro ke da ita. Wannan ƙorafi na dora laifin baƙo a kan mai gida ya daɗe. Bayanan da kamfanin ya wallafa domin masu gyara sun nuna cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na shuɗin allo daga direbobin wasu kamfanoni yake fitowa, kashi 10 daga ƙarfen na'ura, kashi 5 daga rubutun Microsoft, sauran kashi 15 kuma ba a gano sababinsu ba.

Masu suka kuwa sun kafa hujjoji uku. Ta farko, Microsoft ne ya sa wa direban Falcon hatimin amincewa, amma tsarin ya bar ƙofar da fayil ɗin sabuntawa ke sauya halayen direban ba tare da an sake duba shi ba. Ta biyu, Windows ba shi da dabarar da zai ajiye baƙon da ya kayar da shi sau da yawa a jere, ya tashi ba tare da shi ba, domin an yi wa direban rajista a matsayin wanda tashin na'ura ya dogara da shi. Ta uku, Apple ya riga ya nuna akwai wata hanya, domin tun 2019 zuwa 2020 ya fara fitar da irin waɗannan manhajoji daga ƙuryar macOS, ya gina masu wata taga da za su riƙa leƙo abin da suke bukata daga waje.

Abin da ya biyo baya ya nuna inda gaskiya ta karkata. A ranar 10 ga Satumba, 2024, Microsoft ya tara kamfanonin tsaro a hedikwatarsa da ke Redmond, a watan Nuwamba kuma ya sanar da wani shiri na ƙarfafa juriyar Windows, wanda ya haɗa da samar wa manhajojin tsaro wurin aiki a wajen ƙurya, da hanyar gyara kwamfutar da ta kasa tashi daga nesa. Kamfanin bai ɗauki laifin kuskuren ba, amma ya koma ya gyara katangar gidansa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

4.0 Yadda Lamarin Yake a Isa da Sabon Birni

4.1 Hanyoyin Shigowar Manhaja

Muhawarar da aka yi a Amurka da Turai ta ginu a kan zaton cewa na'ura tana kan intanet kullum, kuma manhajoji daga kantin hukuma suke zuwa. A iyakar Gobir lamarin ya sha bamban. Data tana da tsada ga manomi da ɗan tireda, layi yana ɗaukewa, wasu mazauna bakin iyaka kuma sukan riƙe layin Nijeriya da na Nijar a waya guda. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sanar da katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar saboda matsalar tsaro, Isa da Sabon Birni na ciki. A irin wannan yanayi, manhaja takan yi tafiya ne daga hannu zuwa hannu: aboki ya tura wa aboki ta Xender ko bulutut, ko mai rumfar turi ya loda wa sabuwar waya abin da ke cikin kwamfutarsa.

Wannan hanya tana da illoli da suka shafi batunmu kai tsaye. Manhajar da aka turo na iya zama tsohuwar da aka rubuta domin wani zubin Android dabam, sai ta riƙa rufe kanta. Tana iya zama wadda aka farke aka sake ɗinkewa, kamar GBWhatsApp, wadda kamfanin WhatsApp ya sha gargaɗin cewa zai iya rufe lambar mai amfani da ita. Sau da yawa kuma ba ta samun gyaran da masu ita ke fitarwa. Ga kuma ƙarancin ma'adanar aiki a ƙananan wayoyi masu gigabait 1 ko 2. Idan manhajoji da yawa suna aiki a ɓoye, Android yakan rufe wasu domin ya sama wa wasu wuri, mai waya kuwa abin da yake gani shi ne manhajar banki ta ɓace yana tsakiyar tura kuɗi. Daga nan sai a kai ta wurin mai gyara a yi mata filashin, a goge komai har da lambobi da hotunan rasit, sannan a sake loda mata manhajojin da suka jawo matsalar.

A nan uwar manhaja tana da kariya mai ƙarfi. Android yana killace kowace manhaja a nata gurbi. Tun daga zubi na 6 a 2015 yake neman iznin mai waya kafin manhaja ta taɓa kyamara ko lambobi, daga zubi na 8 a 2017 kuma sai an ba da izni na musamman kafin a ɗora manhajar da ba ta kantin Google ba. Sai dai akwai tambaya: gargaɗin da aka rubuta da Ingilishi ko Faransanci, ga mutumin da karatunsa na ajami ne ko na Hausar boko, ya cika sharaɗin gargaɗi? Izni ba ya zama izni sai wanda ya bayar ya san abin da ya yarda da shi.

4.2 Baƙon da Aka Sayo Gida da Shi

Akwai yanayin da mai waya ba shi da hannu ko kaɗan. A watan Agusta na 2020, sashen Secure-D na kamfanin Upstream ya bayyana cewa ya gano mugayen manhajoji masu suna Triada da xHelper a cikin wayoyin Tecno W2 guda 53,000 a ƙasashen Habasha, da Kamaru, da Masar, da Gana, da Afirka ta Kudu. Manhajojin suna yunƙurin yi wa mai waya rajistar wasu hidimomi na kuɗi ba da saninsa ba, suna cinye masa data da kati. Tun daga masana'anta aka sayar da wayoyin da Triada a ciki, kuma mayar da waya yadda aka sayo ta ba ya kawar da ita. Transsion ya ce wani ɗan kwangila ne a cikin jerin masu kawo masa kaya ya cusa ta ba da saninsa ba, kuma ya fitar da gyara. Google ma ya yi bayani a 2019 cewa ta hannun irin waɗannan 'yan kwangila Triada ke shiga wayoyi.

Wannan misali ya ƙara wani mutum a cikin shari'ar, wato kamfanin da ya ƙera wayar, wanda ke karɓar Android daga Google ya yi masa ƙari kafin ya sayar. Mai saye a kasuwar Isa bai san ɗan kwangilar ba, bai ƙulla ciniki da shi ba. Sunan da ya gani a kwali shi ya amince wa. Saboda haka duk abin da aka dasa a cikin uwar manhaja kafin sayarwa ya tashi daga matsayin baƙo ya zama ɗan gida.

4.3 Lokacin da Ake Zargin Baƙo Bisa Kuskure

Zargi yakan kuma juya ta ɗaya ɓangaren. A ranakun 22 da 23 ga Maris, 2021, manhajoji da dama a wayoyin Android a faɗin duniya suka riƙa rufe kansu, har da Gmail da wasu manhajojin banki. Jama'a suka yi ta goge su suna sake ɗorawa. Ashe matsalar daga WebView take, wani sashe na Android da Google ke sabuntawa, wanda sauran manhajoji ke aro domin nuna shafukan intanet. Darasin shi ne, inda tangarɗa ta bayyana ba lallai ne nan ta samo asali ba.

4.4 Haruffa Masu Lanƙwasa

Manazarta Hausa suna da nasu misali. Kafin amfani da tsarin Unicode ya yaɗu, an magance rashin ƙ da ɗ da ɓ ta hanyar zubin haruffa na musamman irin su Rabi'at, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, kuma ya yi wa sassan Hausa na jami'o'i hidima mai yawa. Dabarar ita ce a ɗora siffar harafin Hausa a gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba. Idan aka buɗe kundin a kwamfutar da ba ta da wannan zubi, sai alamomin asali su fito a tsakiyar kalmomi, ɗalibi ya ce kwamfuta ta ɓata masa aiki. Kwamfutar ta nuna abin da aka adana ne daidai. Amma da uwar manhaja ta tanadi haruffan Hausa da allon buga su tun farko, da ba a bukaci dabarar ba. Giɓin da mai gida ya bari shi ya gayyato baƙon.

5.0 Ma'aunin Fiƙihun Malikiyya

Ƙasar Gobir ba baƙuwar wannan irin tambaya ba ce. Littattafan da ake karantawa a zaurukan malamai, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani da Mukhtasar na Khalil, sun yi magana a kan lamuni, wato wanda zai biya idan an yi ɓarna. Hukunci na malamai da alƙalai ne, amma ƙa'idoji uku daga ciki suna haskaka batunmu.

Ta farko ita ce bambanci tsakanin wanda ya aikata ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sababi. Malaman fiƙihu kan buga misali da rijiya. Wanda ya haƙa ta a kan hanyar jama'a ba da haƙƙi ba, wani ya faɗa, shi ke da lamuni. Idan kuwa wani ne ya tura mutumin ciki, to, asali shi ne a fara kama wanda ya tura. A bisa wannan, CrowdStrike shi ne mai aikatawa, Microsoft kuma mai sababi, sai a duba ko ya yi sakaci wajen barin bakin rijiyar a buɗe.

Ta biyu ita ce hukuncin ɓarnar dabbobi a gona, wanda manoma da makiyayan fadamar Rima suka sani sarai. Tsaron gona da rana yana kan mai ita, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa yana kan masu su. Hikimar ita ce a ɗora tsaro a kan wanda ya fi iko da shi a wannan lokaci. Mai waya yana da iko a kan abin da ya ɗora da hannunsa yana gani. Ba shi da iko a kan abin da ke gudana a ƙurya, ko sabuntawar da ta sauka yana barci. Wannan shi ne daren na'ura, kuma tsaronsa na kamfanoni ne.

Ta uku ita ce lamunin masu sana'a. Malikiyya sun tafi a kan cewa maɗinki ko marini ko maƙerin da ya kafa kansa domin yi wa jama'a aiki yana lamunce kayan da aka bar masa, sai in hujja ta tabbatar cewa sun salwanta ba da hannunsa ba. Dalili shi ne maslaha: jama'a ba su da makawa sai sun kai masa kaya, kuma ba su ganin abin da ke faruwa a bayan idonsu. Wannan siffa ta dace da masu uwar manhaja ƙwarai. Kusan dukan wayoyin zamani a duniya Android ne ko iOS, mai saye ba shi da zaɓi na uku, kuma ba ya iya duba cikin abin da ya saya.

6.0 Rabon Alhaki

Daga abin da ya gabata za a iya raba alhakin gida huɗu.

Na farko, marubucin baƙuwar manhaja shi ke da laifin kuskuren da ke cikinta. Wajibinsa ne ya gwada kafin ya saki, ya saki kaɗan-kaɗan, ya kuma tanadi hanyar janyewa.

Na biyu, uwar manhaja tana da alhakin abubuwa huɗu: killace baƙo domin kada ɓarnarsa ta tsallaka, taƙaita masu shiga ƙurya da sa masu ido, farfaɗowa bayan faɗuwa, da faɗa wa mai na'ura sunan manhajar da ta jawo matsala cikin harshen da yake ji. Duk lokacin da ta ba baƙo izni mafi girma, ko ta sa masa hatiminta, kasonta na lamuni ya ƙaru.

Na uku, kamfanin da ya ƙera na'ura yana lamunce duk abin da ya sayar a cikinta, da kuma aika gyara muddin tana hannun jama'a.

Na huɗu, mai na'ura da mai rumfar da ke loda masa manhaja suna da alhakin abin da suka ɗora bayan gargaɗin da suka fahimta. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Dokokin zamani sun fara karkata ga wannan fahimta. Takardun yarjejeniyar da ake latsa wa “na yarda” sun daɗe suna wanke kamfanonin manhaja daga biyan diyya, amma a 2024 Tarayyar Turai ta yi sabuwar doka da ta sa manhaja, har da uwar manhaja, cikin kayan da ake lamunce aibinsu, wadda za ta fara aiki a Disamba 2026. A Nijeriya, Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018 ta bai wa mai saye haƙƙin samun kaya marar aibi, hukumar FCCPC kuma ke karɓar ƙorafi. An ma ga misali a aikace a watan Mayu na 2025, lokacin da shugaban hukumar JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya bayyana cewa kuskuren wani kamfani mai yi masu hidima wajen sabunta manhaja ya ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas. Ya faɗi inda kuskuren ya fito, amma ya ce alhakin na wuyansa, aka kuma sake jarrabawar. Ɗalibai da hukumar suka yi rajista, ba da ɗan kwangilarta ba.

Akwai haɗari guda da ya kamata a kiyaye. Hanya mafi sauƙi ga uwar manhaja ta kuɓuta daga zargi ita ce ta rufe ƙofa gaba ɗaya. A watan Agusta na 2025 Google ya sanar da shirin wajabta tantance marubutan manhajoji har da waɗanda ake ɗorawa daga wajen kantinsa, farawa da wasu ƙasashe huɗu a 2026. Irin wannan mataki zai rage gurɓatattun manhajoji, amma idan aka tsananta shi ba tare da la'akari da wuraren da layi ke ɗaukewa ba, zai iya toshe hanyar da mutanen Isa da Sabon Birni ke samun manhajar karatu ko ta banki. Gyaran da ya dace da su shi ne wanda waya za ta iya tantance ingancin manhajar da aka turo ko da babu intanet.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tambayar “laifin wa?” tana da amsa biyu da bai kamata a cakuɗa ba. Kuskure na wanda ya rubuta shi ne, kamar yadda ya tabbata a kan CrowdStrike. Amma ko kuskuren zai tsaya ga rufe manhaja guda, ko zai kayar da na'ura baki ɗaya, wannan hukuncin uwar manhaja ne tun ranar da ta tsara iyakar baƙonta. Ga mazauna iyakar Gobir, abin da ya fi amfani shi ne a lura da manhajar da aka ɗora dab da fara matsala a cire ta kafin a kai ga filashin, a nisanci manhajojin da aka farke a wayar da ke ɗauke da asusun banki, masu gyara kuma su adana lambobin kwastoma kafin su goge. Ga manazarta Hausa kuwa akwai aiki a gaba: samar da daidaitattun kalmomin izni da gargaɗi da saƙonnin kuskure, a boko da ajami, domin kamfanoni su rasa uzurin barin miliyoyin masu magana da Hausa suna amsa tambayoyin da ba su fahimta ba.